Na Kulle Ƙofa, Na Hana Mai Magani Shiga

Rubutun wannan makon daga wajen aikina na ɗauko shi, ku yi haƙuri da 'yan kalmomin kwamfuta da za ku ci karo da su.

Da na kammala difloma a fannin kwamfuta, shugabannin ƙungiyarmu suka ɗora mini kula da shafin intanet da muke ajiye gajerun labaran mambobi. Ba mu da kuɗin sayen sabar tamu, sai muka kama haya. Yadda abin yake, kamfani na da babbar kwamfuta guda, ya yanka ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗan haya da nasa. Masu sana'ar ma baƙo suke kiran irin ɗakin nan, babbar kwamfutar kuma mai masauki. A ɗakinmu na sa Debian.

Tsoron masu kutse ya hana ni barci. Na karanta cewa sukan jefa mugun fayil a foldar /tmp, domin kowa na da izinin rubutu a cikinta, sannan su kunna shi daga can. Sai na roƙi kamfanin ya sa mata takunkumin da ake kira noexec, wanda ke hana kunna manhaja daga wurin. Suka sa. Na ji kamar na gina ganuwa.

Bayan mako guda na zo sabunta manhajoji da apt, allo ya cika da ƙorafin an hana izini. Ashe a lokacin shi kansa apt a /tmp yake zazzage wasu ƙananan fayilolin saiti, ya kunna su kafin ya girka manhaja. Na yi ƙoƙarin ɗage takunkumin na ɗan lokaci, abin ya ƙi, domin a irin hayar da muka kama wannan makullin yana hannun mai masauki. Kunya ta hana ni komawa wurin kamfanin, tsoron ɓata wani abu ya hana ni ci gaba. Na rufe kwamfuta, na yi shiru wata biyu.

Garin neman ƙiba na samo rama. Sabuntawar da na daina ita ce ke toshe ɓarakar da ake ganowa a manhajoji. Ranar da na buɗe kundin da sabar ke rubuta masu ƙwanƙwasa ƙofa, na ga baƙin adireshi suna ta gwada kalmar sirri dare da rana, gabana ya faɗi. Labaran mutane ne a ciki, wasu ma ba su da kwafinsu a ko'ina.

Wani yayana a sana'a na kai wa kuka. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanina, ai ba sai ka rushe katanga ba." Muka buɗe sabuwar folda wadda mai cikakken iko kaɗai ke rubutu a cikinta, muka ƙara layi ɗaya a saitin apt muka nuna masa ita. Cikin minti goma komai ya girku, /tmp na nan a kulle. Ya kuma nuna mini cewa noexec ba laya ba ce: wanda ya riga ya shigo zai iya miƙa fayil ɗinsa ga sh ko perl su karanta masa shi.

Yanzu duk Juma'a nake sabuntawa, bayan na kwafi komai na ajiye a wani wurin.

Abin ya tuna mini da wasunmu da ke ɓoye littafi shekara uku saboda tsoron satar fasaha, ko mai gyara bai taɓa gani ba. Ni ma ina da irinsa a waya. Jiya na tura shi ga mutum biyu da na amince da su. Kai fa, ke fa, wa ke da makullin naku? Ina jiran amsa a ƙasa.