Ran da ruwa ke zama cuta

Mu mutanen Madawa, Buza da Keita, da darajanta ruwa muka tashi. A 1984 aka soma aikin Keita don ƙasa ta riƙe ruwan sama. Shi ya sa na jinjina kai ran da na san jikin mutum ma yakan riƙe ruwa har ya cutu. Lokotoro biyu na Amurka, Schwartz da Bartter, suka bayyana cutar a 1957: sinadarin ADH ya yi yawa, ƙoda ta kasa fidda ruwa, jini ya tsinke, gishirinsa ya ragu. Sanƙarau da tarin huka na iya jawo ta. Majinyaci ya ruɗe, mu kuwa don tausayi muna ta ɗura mashi ruwa! Jama'a, a kai shi asibiti a auna jini, lokotoro ya yanke abin da zai sha.