Falken Azare Da Hawainiyar Kwatano

A garin Azare, cikin ƙasar Katagum, akwai wani dattijo wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin garinsu da birnin Kwatano. Yakan tafi da kirgi da jar wake, ya komo da atamfa. In aka ta da zancen mulkin gurguzu a zaurensa, ba ya ambaton Rasha ko Sin, sai ya ce shi a nan maƙwabta ya gan shi, a hannun Mathieu Kerekou.

Shi dai Kerekou soja ne, mutumin arewacin Dahome, an haife shi a 1933. Ran 26 ga Oktoba 1972 ya ƙwace mulki, a 1974 kuma ya shelanta cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Markis da Lenin. A 1975 ya sake mata suna zuwa Jumhuriyar Jama'ar Benin, ya kafa jam'iyya guda tak, gwamnati kuwa ta riga ta karɓe bankuna da cinikin man fetur. Wanda ya ɗaga murya sai a tsare shi, wasu har a kai su kurkukun Segbana, dab da iyakar Nijeriya.

Da farko abin bai dami falken nan ba, don a ganinsa baƙo ba ruwansa da siyasar masu gari. Kuɗin cinikinsa ma a wani bankin gwamnati ya riƙa ajiyewa, yana cewa abin da ke hannun hukuma ba ya ɓata. Ashe manya suna ta ɗibar rance ba biya. A 1988 zuwa 1989 bankunan suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, malamai da ɗalibai suka shiga yaji. Falke ya komo Azare da takardar ajiya a aljihu, jarin shekara goma kuwa ya maƙale. Daga nan ya gane cewa in dukiyar ƙasa duka ta taru a hannu ɗaya, kuma aka hana baki tambaya, to, har baƙo sai ya sha ukuba.

Mutanen Benin sun laƙaba wa shugaban nasu suna hawainiya, bai kuwa ƙi sunan ba. An ba da labarin ya musulunta a Libiya a 1980, daga baya ya koma Kirista, a ƙarshen 1989 kuma ya yar da gurguzun da kansa. Aƙida a wurinsa riga ce, mulki shi ne jiki.

Amma duk da hasararsa, dattijon ba ya hana mutum haƙƙinsa. Yakan tuna wa matasa cewa a Fabrairu 1990 Kerekou ya amince da hukuncin babban taron ƙasa, da Nicephore Soglo ya kada shi a zaɓen 1991 kuwa ya sauka ba a zub da jini ba. Jama'a suka sake zaɓensa a 1996, ya bar gado a 2006, ya rasu a 2015.

Saboda haka in samari suka zo masa da kirarin wata sabuwar aƙida, tambaya biyu yake yi musu: shin talaka zai iya tambayar inda kuɗinsa ya shiga? In kuma an ce wa shugaban ya sauka, zai sauka? Allah ya ba mu shugabanni masu jin kira, amin.