Duna Da Ƙananan Karnukan Gidanmu

Tun da labari ya bazu a kwalejin nan cewa na ajiye karen da a ke kira fitbul, 'yan'uwana malamai da ɗalibai su kan tare ni da tambaya iri biyu. Waɗansu su ce, “Malam, ashe ba ka tsoron ya cinye maka ƙananan karnukanka?” Waɗansu kuwa su ce ai duk ƙarya a ke yi wa karen nan, in dai ka ƙaunace shi, shi ke nan. To, na ga ya kyautu in ba da amsa sau ɗaya a wannan shafi, domin duka ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya ne, ya saki rabi.

Da fari dai ya kamata mu san asalin karen. A ƙasar Ingila a da, a kan ɗaure bijimi a fili a saki karnuka su far masa, mutane na kallo suna caca. A shekarar 1835 Majalisar Ingila ta yi dokar hana wannan mugun wasa. Da masu caca suka ga bijimi ba ya ɓoyuwa, sai suka koma haɗa kare da kare a cikin rami, suka riƙa haɗa jinsin karen bijimi mai ƙarfi da na wani ɗan kare mai zafin nama wanda a ke kashe ɓeraye da shi. Sunan fitbul ma daga nan ya fito, watau rami da bijimi. Daga baya aka tafi da irinsa Amurka, inda ƙungiyar United Kennel Club ta fara rajistarsa a 1898. Ita kanta ƙungiyar, a bayanin da ta yi na halin karen, ta ce faɗa wa mutum ba ɗabi'arsa ba ce, amma yawancinsu suna da ɗan zafi ga 'yan'uwansu karnuka. A 1991 kuma Ingila ta sa shi cikin karnukan da doka ta hana kiwatawa da sayarwa.

Wannan shi ne rabin gaskiya na farko. Ga na biyu. A 2007 hukuma ta kama karnukan faɗa wajen 50 a gidan wani shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, Michael Vick, a jihar Bajiniya. A da irin waɗannan kashe su a ke yi duka. Wannan karo aka gwada halin kowane ɗaya shi kaɗai, aka raba 47 ga masu renon dabbobi. Da yawa daga cikinsu sun sami gidaje sun zauna lafiya, waɗansu kuwa a gidan reno suka ƙare kwanansu. Har ila yau, a 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan karnuka fiye da 18,000, aka tarar jinsi ba ya bayyana fiye da kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin kare da kare. Ashe sunan jinsi kaɗai ba ya gaya maka halin wanda ke tsaye a gabanka.

Ni ban nemi Duna ba. Wani abokin aikina ne aka yi masa canji zuwa wani gari mai nisa, gidan da zai shiga kuwa ba a yarda da kare. Duna a lokacin watansa 10, baƙi wuluk, nauyinsa ya kusa kilo 25. Mu kuwa muna da 'yan karnuka biyu mata, masu gashi buzu-buzu, irin waɗanda a ke kira Lasa, Auduga da Tsigi, kowace ba ta wuce kilo 6 ba. Uwargida ce ta rene su tun suna jarirai. Da na kawo mata maganar, sai ta ce, “Maigida, ba na hana ka taimakon abokinka. Amma waɗannan biyu su suka riga shi zuwa, kuma ba su da bakin cewa ba su yarda ba. In wani abu ya same su, wa za a tambaya?” Na ce ni za a tambaya. A kan wannan alkawari aka shigo da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafi, ba mugunta ba. Karnuka biyu masu girma ɗaya in sun yi faɗa, a kan sami kunne ya yage, a wanke, a sa magani. Amma kare mai kilo 25 in ya kama mai kilo 6 a wuya ya girgiza sau ɗaya, magana ta ƙare, ko da shi a ransa gargaɗi kawai ya yi nufi. Maganar da a ke yi cewa haɓarsa ta kan kulle kamar kwaɗo ba gaskiya ba ce, haɓarsa irin ta kowane kare ce. Sai dai an zaɓi kakanninsa ne don in sun kama ba sa saurin saki, wannan kuwa ya isa.

Saboda haka kafin ya taka gidan muka biya wurin likitan dabbobi, aka yi masa allurar haukan kare, aka ba shi maganin tsutsa, daga baya aka fiɗiye shi. Likitan ya ce da ni, “Malam, kada ka yi masa sheda yanzu. Zafin kare ga ɗan'uwansa ya kan fito ne sa'ad da ya cika girma, tsakanin shekara ɗaya da uku.” Na ce lalle, ba a shedar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsa.

Mako biyu na farko ba su ga juna ba. Duna na bayan gida, ƙananan na ciki, ƙofa biyu tsakaninsu. Kullum da safe mu kan musanya buhunan da su ke kwana a kai, domin kare da hanci ya ke sanin maƙwabcinsa. A mako na uku muka fita da su filin ƙwallo, inda ba wanda zai ce gidansa ne. Ni na riƙe igiyar Duna, da takunkumi a bakinsa, uwargida ta riƙe ƙananan, muka yi tafiya gaba ɗaya, da wajen yadi 10 tsakaninmu, ba fuska da fuska ba. Kowace rana mu kan rage tazarar kaɗan. Sai da aka yi wata guda cur kana muka bar su suka shinshini juna, shi ma na ɗan lokaci, muka raba su tun ba wanda ya gaji.

Wani abin mamaki, mai neman faɗan ba Duna ba ne, Tsigi ce. Ita ta kan yi masa haushi, ta tare ƙofa, ta ciji ƙafarsa ta baya. Mutane su kan yi dariya in ƙaramin kare ya yi haka, ba su tsawata masa. Mu muka hore ta kamar yadda muka hore shi, domin haƙurin babba ba rijiya ba ce marar ƙasa.

Ran nan, bayan kamar wata biyar, muka yi baƙi, wani yaro ya yar da ƙashin nama a tsakar gida. Auduga ta ɗauka ta ruga da gudu tana ƙara. Nan take na ga Duna ya sandare, bakinsa ya rufe, wutsiya ta miƙe, ido ya kafe a kanta. Babu gurnani, babu haushi. Igiyarsa na hannuna, kamar yadda ta kan kasance duk ran da muka yi baƙi, na kira sunansa, na juya da shi baya, aka karɓe ƙashin. Bayan minti biyar yana kwance yana lasar hannun yaron. Ku lura da wannan, jama'a: kare mai haushi ya ba ka sanarwa, wanda ya yi tsit ya ƙura ido shi ne abin tsoro. Ƙaramin abu mai gudu yana ƙara ya kan ta da halin farauta a cikin babban kare, ko da sun shekara suna kwana wuri ɗaya. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Yanzu shekara uku ke nan. Duna bai taɓa sa haƙori a jikin kowa ba. Da maraice za ka tarar Auduga ta jingina da cikinsa tana barci. Duk da haka dokokin gidan ba su sake ba ko kaɗan. Kowa da kwanonsa, kuma da ƙofa rufe tsakaninsu lokacin cin abinci. Ba a yar da ƙashi a fili. In za mu fita, ko da zuwa kanti ne, Duna na bayan gida, ƙananan na ciki. Yara ba sa fita da shi su kaɗai, katangarmu kuwa mun ƙara mata tsawo saboda dabbobin maƙwabta. Akwai wahala cikin wannan, ba na ɓoyewa. Ba mu iya tafiya hutu sai mun sami wanda ya san tsarin, ya kuma yarda zai bi shi.

Ku da ke shirin zama malamai kun san irin wannan a aji. In aka kawo muku ƙaton yaro daga wata makaranta, da mummunan suna ya riga shi isowa, ba daidai ba ne ku hukunta shi kan abin da bai yi a gabanku ba. Amma kuma ba za ku bar shi da 'yan aji ɗaya ku tafi shan shayi ba tun ba ku san shi ba. Bambancin kawai shi ne yaro ya kan yi hankali a yi masa nasiha ya ji, kare kuwa yana nan kare har ya mutu.

To, wanda ya tambaye ni ko ya kawo fitbul gidan da ke da ƙananan karnuka, ga shawarata. Ya fara duba ko gidansa na rabuwa biyu da ƙofa mai ƙarfi, ko mutanen gidan duka za su kiyaye doka ɗaya, ko kuma zai iya yin haka shekara 12 ko fiye, domin tsawon ran karen ke nan. Ya kuma bincika halin shi wannan karen, ya ga yadda ya ke yi in ya hangi wani kare tun daga nesa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, ya haƙura, ya nema wa karen gidan da zai zauna shi kaɗai. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi alheri ga babban da ƙananan duka. Allah ya sa mu iya riƙon amanar abin da muka ajiye, amin.