Ashe Suwic Ɗin Sauraro Yake Yi!

Duk wanda ya taɓa soka kebul a kafar suwic na Cisco ya san 'yar fitilar nan mai ruwan goro. Ka soka, ta kama, ta ƙi canzawa, sai can bayan rabin minti ta koma koriya. A ɗakin kwamfutocin da nake kula da shi, jiran nan kan sa wasu na'urori su gaji da kiran sabar DHCP, su laƙaba wa kansu adireshi mai farawa da 169.254, nan da nan ka ji ɗalibai suna "Malam, intanet ba ya yi!" To yanzu na gano abin da ke faruwa cikin rabin mintin, kuma wallahi ya burge ni matuƙa!

Saƙon Ethernet ba shi da wa'adi. Idan kebul biyu suka haɗa suwic biyu, zobe ya ƙullu, saƙon da aka watsa wa kowa sai ya yi ta zagaye yana hayayyafa har komai ya tsaya cik. Radia Perlman ce ta samo maganin a 1985, tana aiki da kamfanin DEC a Amurka, a 1990 kuma IEEE ta mayar da shi ƙa'idar 802.1D, wato Spanning Tree. Duk daƙiƙa 2 ana aika ɗan saƙo mai suna BPDU, da shi ake zaɓen suwic ɗaya ya zama tushe, a toshe duk hanyar da za ta rufe zobe. Sabuwar kafa kuwa sai ta yi daƙiƙa 15 tana sauraro, wasu 15 tana koyon adireshin MAC, sannan ta bar kaya su wuce, kamar maigadin da ba ya zare sakata sai ya san mai ƙwanƙwasawa.

Amma firinta ko kwamfutar ɗalibi ina za ta ƙulla zobe? Me ya sa za a tsare ta a bakin ƙofa? Ashe layi ɗaya tak ke raba wannan gardama: spanning-tree portfast. Na rubuta shi a kafa ɗaya, na zare kebul, na mayar. Kafin in ɗago kai fitila ta yi kore shar, adireshi ya sauka, shafi ya buɗe! Sabuwar ƙa'idar RSTP ta 2001 ma ta rungumi dabarar, tana ware irin wannan kafa a matsayin ta gefe.

Sai dai kafar da ta daina jira tana buƙatar mai tsaron bayanta, kuma nan ne abin ya fi daɗi: spanning-tree bpduguard enable. Don in gani da idona, na ɗauki kebul guda na soka bakinsa biyu a soket biyu na bango, irin abin da yaro mai ƙiriniya zai yi. Suwic ya ji BPDU ta inda bai kamata ba, nan take ya datse kafar, allo ya nuna err-disabled. Sauran kwamfutoci ko gezau! Na cire kebul, na buga shutdown, na bi da no shutdown, kafa ta farfaɗo.

Ban tashi ba sai da na leƙa zaɓen tushe. Kowane suwic na zuwa da lambar fifiko 32768, idan aka yi kunnen doki mai ƙaramin adireshin MAC ke lashewa, sau da yawa kuma tsohon suwic ne da ke kusurwa. Na ba babban suwic 4096, da yake ƙaramar lamba ce ke lashewa, shugabanci ya koma hannun mai shi.

Don haka 'yan'uwa masu wannan sana'a, ku duba kafafenku yau ɗin nan. Kafar kwamfuta da firinta a ba ta PortFast tare da BPDU Guard, kada a raba su. Kafar da ke tsakanin suwic da suwic kuwa a bar ta ta yi sauraronta, domin da shi take kare netwok ɗin gaba ɗaya.