Satifiket Ɗin Kwas Ɗin Kariyar Ruwa Na Intanet: Me Yake Shaidawa A Kanka?

Akwai tambayar da ke ta shigo mini: "Malam, na gama kwas ɗin kariya daga nutsewa a waya, an ba ni satifiket, zan iya neman aikin tsaron wurin ninkaya a otal da shi?" A'a, ɗan uwa, ba za ka iya ba. Amma kada ka goge shi.

Ɗauki misalin Red Cross ta Amurka. Suna da kwas kyauta a intanet na kariyar ruwa domin iyaye da masu kula da yara. Ka karanta, ka amsa tambayoyi, ka gama kana kwance a ɗaki. Shaidar irin wannan kwas abu ɗaya take faɗi: wane ya bi darasin har ƙarshe. Shi kuwa satifiket ɗinsu na mai ceto a ruwa, ko ka yi rabin karatun a waya, dole ka je gaban malami ka shiga ruwa. Sai ka kai shekara 15, ka yi iyo, ka tsaya a ruwa mai zurfi minti biyu da ƙafafu kawai, ka nutsa ka ɗauko bulo mai nauyin wajen kilo huɗu da rabi. Bayan duk wannan wahala, shekara biyu yake yi ya ƙare, sai an sabunta.

Akwai inda na intanet zalla yake da ƙarfin doka. A Kanada, katin tuƙa ƙaramin jirgin ruwa mai inji ana samunsa ta jarrabawar intanet, tambaya 50, ka ci kashi 75 cikin ɗari. Amma dokar Kanada ce ta ba shi wannan ƙarfin, kuma bai ce ka iya iyo ba.

Abin da ke ba ni tsoro a nan ba kunyar wurin neman aiki ba ce. Tsorona shi ne saurayi ya ga sunansa a takarda mai tambari, ran da yaro ya faɗa kududdufi da damina ya yi tsalle ya bi shi. Wanda ke nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama sai ya danne shi, har kai da ka zo taimako. Shi ya sa darasin da kwasa-kwasan nan ke nanatawa shi ne ka miƙa ko ka jefa, kada ka shiga: gora, igiya, rawani, ko jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta. Kuma nutsewa ba ta da ihu irin na fim, sau da yawa shiru ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Don wannan ilimin kaɗai, ni a ganina kwas ɗin ya ci kuɗin datarsa, musamman ga iyaye mata da ke da rijiya ko baho a tsakar gida.

To ta fannin waya fa? Tun wajen rajista ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin NIN ko fasfo, don abin da ka rubuta shi za a buga. In ka gama, sauke shi a matsayin PDF, kada ka tsaya ga ɗaukar hoton fuskar waya, sannan ka ajiye kwafi a Google Drive ko ka tura wa kanka ta imel. Waya tana faɗawa ruwa ita ma! Satifiket ɗin Red Cross na dijital yana ɗauke da lamba ta musamman da alamar QR, mai ɗaukar aiki zai iya haska ta ya tabbatar. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta WhatsApp ya haɗa maka ba tare da karatu ba, Canva ya buɗe ya sauya suna.

In za ka sa shi a takardar neman aiki, rubuta sunan kwas ɗin yadda yake, da wanda ya bayar, da ranar da ka gama, ka ƙara da cewa ta intanet ne. Kalmar "mai ceto" kuwa ka bar ta sai ran da malami ya gan ka cikin ruwa ya sa hannu.