Villaines, garin da ke kwana a farke don masu keke

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da tawa tafiyar ta buɗe mani, a wani ƙaramin garin manoma na same shi, nesa da fitilun birnin Pari, kuma ya shafi abin hawan da yawancinmu muka jingine tun ranar da muka karɓi albashin farko ko muka buɗe shago, wato keke.

A watan Agusta na 2023 aiki ya kai ni Faransa don wani horo. Mai masaukina tsohon mushe ne da ya taɓa koyarwa a ƙasarmu, yanzu ya yi ritaya ya koma mahaifarsa, kusa da wani gari da ake kira Villaines-la-Juhel, cikin jihar Mayenne, yamma da Pari. Garin bai kai mutum 3,000 ba. Kewayensa gonakin masara ne da alkama da makiyayar shanu, kowace gona da shingenta na itatuwa. Ranar Lahadi 20 ga wata ya ce mani in yi barcin rana, don yau garinsu ba ya kwana: masu keke za su wuce. Na ɗauka irin tseren nan ne na Tour de France da muke kallo a talabijin, inda ƙwararru ke wucewa kamar walƙiya, mota na biye da su. Ashe ba shi ba ne.

A can rana ba ta faɗuwa cikin Agusta sai wajen ƙarfe tara. Muna isa tsakiyar gari muka tarar an rufe babban titi, an jera ƙarafunan jingine keke tun daga wannan kai har wancan. Tsofaffi sun fito da kujerunsu, mata sun goyo ƴaƴa, wani mutum riƙe da lasifika yana ta zuba zance kamar maroƙi ranar suna. Wajen ƙarfe goma na farko suka iso. Daga nan har gari ya waye ba su yanke ba. In ka tsaya bakin gari ka dubi gabas, sai ka ga fararen fitilu suna gangarowa daga tudu a jere. In ka juya yamma, sai jajaye suna hawa wani tudun, kamar an zare carbi an shimfiɗa bisa hanya. Babu ƙugin inji ko kaɗan. Abin da kunne ke ji shi ne shuuu na taya bisa kwalta, da tafin mutanen gari.

Sunan wannan tafiya Pari–Brest–Pari. Ana tashi daga Rambouillet, kusa da Pari, a nufi Brest a bakin teku, a juyo. Jimilla kilomita 1,200 da ƴan kai, wato saura kaɗan ta yi daidai da mutum ya tashi daga Yamai ya zo Maraɗi ya koma. Wa'adi mafi tsawo awa 90 ne, kwana huɗu ba awa shida, kuma agogo ba ya tsayawa: cin abinci da barci da facin taya duk cikin awa 90 ɗin suke. Hanyar ba ta da wani babban dutse, amma hawa da gangara ba su ƙarewa, har in an tara hawan duka ya haura mita 10,000. Kowane mahayi yana rataye da wani ɗan littafi da ake buga wa hatimi a garuruwan da aka tsayar: Villaines, Fougères, Tinténiac, Loudéac, Carhaix, Brest, sannan a sake bin su a komowa. Kowane zango da lokacin rufe shi. An hana mota ta bi mahayi bisa hanya. In sarƙarsa ta tsinke cikin daji da tsakar dare, shi da hannunsa ne, ko ɗan uwansa mahayi da ya tsaya taimako. Kuma ba a karɓar mutum sai ya nuna cewa cikin shekarar ya yi tafiya huɗu ta gwaji: kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin awa 20, 400 cikin awa 27, da 600 cikin awa 40. Duk da wannan sharaɗi, waɗanda suka tashi a 2023 sun fi 6,000, daga ƙasashe fiye da 60.

Da yake ni jikan fatake ne, tambayar da ta fara zo mani ita ce ta riba. Na ce da mai masaukina: nawa ake ba wanda ya zo na ɗaya? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ko dala ba a ba shi. Hasali ma kowa shi ke biyan kuɗin shiga, ya biya jirginsa, ya sayi abincinsa. Wanda ya gama cikin awa 45 da wanda ya gama cikin 89 lambar tunawa iri ɗaya ake miƙa masu, a rubuta sunansu cikin littafi ɗaya. Na yi shiru ina lissafi irin namu na kasuwa, lissafin ya ƙi fita.

Asalin abin kuwa tsere ne na gaske. A 1891 wani ɗan jarida, Pierre Giffard na jaridar Le Petit Journal, ya shirya shi don ya nuna wa jama'a cewa keke abin tafiya ne mai nisa, ya wuce abin wasan ƴaƴan masu kuɗi. Mutum fiye da 200 suka tashi, duka maza Faransawa, don a lokacin ba a karɓi mata ko baƙi ba. Charles Terront ya zo na ɗaya cikin awa 71 da minti 22, bisa sabuwar tayar iska ta Michelin wadda ake iya cirewa a yi mata faci. Abin ya shiga ran mutane har a 1910 wani mai gashin gato na Maisons-Laffitte ya ƙirƙiro gato mai siffar ƙafar keke ya sa masa sunan tseren, kuma har yau ana sayar da shi. A 1931 ƙungiyar Audax Club Parisien ta buɗe ƙofa ga masu hawa don sha'awa, maza da mata. Shekara biyar bayan haka, a 1936, doka ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi, dubbai suka ɗaure kaya a bayan keke suka fita ganin ƙasarsu. Ƙwararru kuwa sun yi tserensu na ƙarshe bisa wannan hanya a 1951, suka bar ta don tsawonta ya yi masu yawa. Masu neman kuɗi suka janye, masu sha'awa suka gaje hanya, kuma tun 1971 duk shekara huɗu suke haɗuwa.

Daren farko fuskoki cike suke da fara'a, don kilomita 200 kawai aka ci. Ranar Laraba, da suka biyo ta Villaines a komowa bayan sun wuce kilomita 1,000, sai na ga wasu mutane dabam. Ido ya faɗa, leɓe ya tsage, ga zafin rana da aka yi a wannan mako. Wani yana sauka daga keke sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, mutum biyu suka tallabe shi. Wani wuyansa ya gaji har ya kasa riƙe kai, ya yi dabara ya ɗaure hular kwanonsa da igiya zuwa bayan ɗamara don ya iya ganin hanya. Ko'ina ka duba mutum ne kwance: ƙarƙashin tebur, gindin itace, bakin kwalbati, an lulluɓa da wani bargo mai ƙyalli kamar takardar shayi. Akwai ƴan Indiya da ƴan Japan da ƴan Brazil, akwai mata masu furfura, akwai mata da miji bisa keke mai sirdi biyu. Na zauna kusa da wasu biyu suna shan miya, na tambayi sana'arsu: ɗaya likitan tiyata ne, ɗaya magini. Hanya ce ta haɗa su da dare, suka yi ta karɓa-karɓa wajen shiga gaba, don wanda ke baya iska ba ta dukansa, ƙarfinsa na raguwa a hankali. Wari ɗaya suke yi, miya ɗaya suke sha, ba ka iya cewa ga mai gida ga yaro.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutanen garin. A gidan cin abinci ƴan lakwal ne ke ɗaukar wa mahaya faranti, su raka su har kujera, don hannun da ya kwana uku bisa kan keke rawa yake yi. Bayan gari kuma, a bakin gonaki, iyalai sun kafa tebura da ruwa da kofi da biskit, wasu har tsakar dare, kuma in ka miƙa kuɗi sai a ture hannunka. Na tuna randar da kakanninmu ke ajiyewa a ƙofar gida don matafiyi. Na daɗe ina jin ana cewa Turawa ba su san baƙo ba. Gani ya kori ji.

Da yamma wani dattijo ya iso bayan lokacinsa ya wuce. Ya san ko ya kai Rambouillet sunansa ba ya shiga littafi. Ya ci abinci, ya cika gorunansa, ya hau. Na ce: baba, ina kuma za ka, tunda an rufe? Ya ce shi da Brest da Pari suka yi alkawari, agogo shaida ne kawai. Mutanen gari suka tafa masa fiye da yadda suka tafa wa na farko. Ɗaruruwa irinsa ne ba su kaiwa cikin wa'adi a kowane karo.

Lahadin da ta biyo mai masaukina ya fito da keke biyu daga rumbunsa. Na ce masa rabona da feda ya fi shekara ashirin. Ya ce ƙafa ba ta mantuwa. Muka bi ƴan ƙungiyar garinsu, su wajen goma sha biyu, mafi yawa sun girme ni, waɗanda ke fita duk safiyar Lahadi su yi yawo su dawo su sha kofi tare. Tudun farko na sauka na tura, ina haki, kunya ta rufe ni. Ba wanda ya yi dariya. Sun tsaya a sama suna jirana, don ƙa'idarsu ita ce ba a barin kowa a baya. Wata tsohuwa ta nuna mani yadda ake sauya giya tun kafin tudu ya kama, ta kuma gaya mani dokar da suka gada daga Paul de Vivie, wanda suke ɗauka uban yawon keke, cewa a ci tun yunwa ba ta zo ba, a sha tun ƙishirwa ba ta zo ba. Da muka juya gangara, iska ta cika mani riga, na ji ƙamshin ciyawar da aka yanka, na ji kukan tsuntsaye, sai ga ni ina dariya ni kaɗai kamar yaron da aka aika kasuwa da keken babansa. Kilomita 30 muka yi. A nan lissafin da ya ƙi fita ya fita: mota tana kai ka wuri, amma ƙasar da ke tsakani ba ka san ta ba sai ka taka ta da ƙarfinka.

A daren na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bisa Raleigh baƙi ya yi shekaru yana kai kaya Jibiya yana dawowa, kuma da ribar wannan keke aka sa ni lakwal. Ni kuwa da na zama ma'aikaci na sayi babur, daga baya mota, na ɗauki keke alamar wanda bai samu ba. Daga gida sai mota, daga mota sai kujerar biro, har likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya haɗa ni da ƙwayoyi, ya ce in motsa jiki. Na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi, na biro da na kanti, an gaya masu irin wannan magana.

Da na komo Maraɗi na sayi keke na hannu. Bayan sallar asuba nakan kama hanyar Tibiri in je in dawo kafin rana ta yi zafi. Makon farko maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ja ni gefe, ya ce: Malam, lafiya dai? In wata matsala ce ta sa ka sayar da motar, ai mu ƴan uwa ne, ka faɗa. Na gode masa, na nuna masa motar tana nan a garejinta. Bai gamsu ba sai da ya leƙa.

Ba zan ɓoye maku wahalar ba. Hanyoyinmu ba su da gefen mai keke, manyan motoci ba su ragawa, kuma cikin watan Afrilu zafi ba ya barin kowa ya yi nisa bayan ƙarfe takwas. Dole mutum ya sa fitila da riga mai haske, ya zaɓi lokacinsa, wanda ke da ciwo kuma ya fara jin ta bakin likita. Amma duk waɗannan ba su kai nauyin idon jama'a ba, kuma shi ne na ga ya fi hana mu. Magabata sun ce girman kai rawanin tsiya. Yanzu mu huɗu ne ke fita ran Lahadi, har da maƙwabcin nawa, wanda ke zuwa a baya yana ƙorafin sirdi, mu kuwa muna jiransa a kan kowane tudu.

Za a sake taruwa a Villaines cikin Agusta na 2027. Ba na sa ran in yi kilomita 1,200, shekaruna da gwiwata sun riga sun ba ni amsa. Burina shi ne kafin lokacin mu kai tabkin Madarunfa da ƙafafunmu, mu ci kifi, mu dawo. Wanda ke da tsohon keke jingine a zaure ya kai shi wurin mai faci, ya same mu bakin hanya bayan asuba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.