Haƙorin Makkan Hajiya

Duk wanda ya tashi a layinmu nan Sabo ya san mahaifiyata da abu biyu: tuwon shinkafar da ta shekara talatin tana sayarwa a ƙofar gida, da haƙorin zinaren da ke ƙyalli a bakinta in ta yi dariya. In ka bi lissafi, tuwon ne ya sayi haƙorin. Adashi ta yi ta zubawa shekara da shekaru har Allah Ya kira ta a 1992, ta je ta sauke farali, ta dawo mana da dabino da zamzam da carbi, da wannan haƙori a sama, ta gefen hagu, kusa da na gaba. Ina aji uku a firamare lokacin. Ban manta yadda mata suka cika tsakar gidanmu ba, har da ƙawayenta Yarbawa daga Mokola, kowa na cewa ta yi murmushi a gani. Daga ranar sunanta na yanka ya ɓace a unguwa. Mu ma 'ya'yanta da muke ce mata Inna, Hajiya muka koma.

Shekara talatin da ɗoriya haƙorin nan yana bakinta, ba wanda ya taɓa tunanin akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Ni dai ban taɓa ba. A wurina zinare zinare ne, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa.

Bara, bayan Babbar Sallah, na lura Hajiya ta daina cin goro. Wanda ya san ta ya san wannan ba ƙaramin labari ba ne, don mace ce da za ta iya kwana ba tuwo amma ba za ta wuni ba goro ba. Na tambaye ta, ta ce ta gaji da shi ne. Sai na ga in za ta sha ruwan sanyi tana karkatar da kai gefe guda. Ɗakinta kuma kullum ƙamshin kanumfari, ashe cusawa take yi a jikin dasashi da daddare. Wadda ta tona asirin 'yar autata ce, mai shekara biyar, da ke kwana a wurinta. Muna zaune ana cin abinci ta ce, "Baba, bakin Hajiya yana wari." Uwarta ta kai mata duka, Hajiya ta tare. Ba ta ce komai ba, amma daga ranar in za ta yi magana sai ta kare baki da gefen mayafi.

Wata biyu muka yi muna abin da kowa yake yi a unguwar nan. Kemis, ƙwayar kashe zafi, kafso ja da rawaya a sha kwana biyu a bari. Har wani mai magani a tasha ya sayar wa ƙanwata garin da ya ce yana fitar da tsutsar haƙori. Bari in faɗa tun nan, don ni ma sai daga baya na sani: babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin ragowar abinci, musamman mai zaƙi, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da haƙori a hankali har ya yi kogo. Ƙwaya tana kwantar da zafi, ba ta cike kogo. Haƙori kuwa ba kamar fata ba ne da za ta warke ta haɗe, abin da ya tafi ya tafi.

Ranar wata Laraba da asuba na shiga gaishe ta na tarar kuncinta na hagu ya kumbura har ya fara danne ido. Ga ta da ciwon suga. Ban tsaya shawara da kowa ba, na tari mota muka tafi asibitin haƙori.

Likitar Bayarabiya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Da Yarbanci suka yi magana, don Hajiya ta fi shekara hamsin a Ibadan, ta fi ni jin yaren. Ta duba, ta ƙwanƙwasa haƙorin da wani ɗan ƙarfe, Hajiya ta zabura. Aka ɗauki hoto. Likita ta nuna min wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar, ta ce mugunya ce ta taru. Ta ce abin da ke cikin zinaren kuwa hoto ba ya nunawa, don hasken ba ya ratsa ƙarfe, sai an cire an gani da ido. Ta juya ta ce, "Alhaja, wannan sai ya fita."

Hajiya ta tashi zaune a kan kujerar, ta cire ƙyallen da aka ɗaura mata a wuya, ta ce da ni da Hausa, "Tashi mu tafi."

A mota ba ta yi min magana ba sai da muka wuce shataletalen Mokola. Ta ce, "Kai ba ka san abin da na sha kafin in sa shi ba. Ubanka bai je ba har ya rasu. Shi kaɗai ne abin da na dawo da shi da bai ƙare ba." Na ce, "Hajiya, ai aikin hajjinki yana wurin Allah, ba a baki yake ba." Ta ce in rufe mata baki. Na rufe.

Abin da ya taimake mu malamin zauren layinmu ne, wanda take ganin girmansa. Ya zo har gida bayan la'asar, ya zauna daga bakin ƙofa. Ya gaya mata haƙorin Makka al'ada ce ta mutanenmu, ba ya cikin rukunan hajji ko sunnoninsa, cire shi ba ya rage mata komai. Ya kawo labarin sahabin nan Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ce to ga shi, lafiyar jiki aka duba. Ko wannan ne ya ratsa ta, ko zafin da ya hana ta barci kwana uku, Allah masani. Washegari da kanta ta aiko a kira ni.

Sai da aka fara daidaita sugan, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki kumburin ya sauka. Roƙonta ɗaya, kada a yanka zinaren. Likita ta yi ta lallaɓa shi da wani ɗan ƙugiya har ya zame ya fito. Wallahi da na ga abin da ke ciki sai da na kau da kai. Rabin haƙorin babu, sauran baƙi ƙirin, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen itace. Warin kuma ba a magana.

A nan likitar ta yi min bayanin da ya sa nake wannan rubutu. Ta ce su ma suna sa wa haƙori hula, abin da suke kira kiraun, kuma a ido kamar abu ɗaya ne da na Hajiya, amma aikinsu ya sha bamban. Na Makka, irin wanda aka sa mata, kwanso ne da aka riga aka ƙera, a zaɓo wanda ya yi kusa da girman haƙorinka, a ɗan goge lafiyayyen haƙori, a shafa siminti a tura. Hajiya ta ce haka aka yi, ko rabin awa ba ta yi a shagon ba. To bakin kwanson ba ya zama daidai da wuyan haƙori. Simintin yana narkewa da shekaru, ya bar 'yar kafa, abinci ya shiga, buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Daga waje yana ƙyalli, ciki ana ta ci.

Hular asibiti kuwa ba a sa wa lafiyayyen haƙori. Sai wanda ya karye, ko ya tsage, ko kogonsa ya yi girman da ciko ba zai riƙe ba, ko wanda aka cire wa jijiya, don irinsa yana saurin fashewa, musamman turamen da ake tauna da su. Ana fara share ruɓar tas. Sannan a sassaƙe haƙorin ta ko'ina, kamar milimita ɗaya zuwa biyu, a bar masa 'yar dakali a wuya inda bakin hular zai zauna. A ɗauki siffarsa da wani abu mai kama da ƙullu, a aika wa masu ƙira su yi hular da ba za ta shiga haƙorin kowa ba sai naka. Ni tela ne, nan da nan na gane. Bambancin rigar gwanjo ne da wadda aka auna ka aka ɗinka.

Zaɓi biyu ta ba mu. Ko a cire haƙorin a huta, ko a yi aikin jijiya, a kafa ɗan ginshiƙi a cikin saiwar tunda abin da ya rage a sama bai isa riƙe komai ba, a gina a kai, a sa hula. Ta ce da saiwar ta tsage ba za ta ma kawo zance na biyu ba, amma hoto ya nuna da sauran ƙarfinta. Kuɗin cirewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na ɗayan ba. Na biyun ya kusa kuɗin hayar shagona na shekara.

Na kira yayana da ke Agege. Ya ce, "Kai ma dai da neman wahala. Tsohuwa mai shekara saba'in, a cire mata ta huta mana." Na ce, "Yaya, a gaba yake fa." Ya ce to ai ba gasar kyau za ta shiga ba. Ban ga laifinsa sosai ba, 'ya'yansa bakwai, kuma a unguwar nan mutum nawa ne suke yawo da giɓi ba abin da ya same su? Amma likita ta riga ta gaya min giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Maƙwabtan haƙorin suna karkatowa cikin gurbin, wanda ke fuskantarsa yana ƙara fitowa tunda ba abin da ke tare shi, tauna ta canza. Ni kuma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Matar da aka sani da zinare a wuri, a wayi gari rami ne a wurin, na san ba za ta ƙara zuwa suna ko biki ba.

Ita ta raba gardamar. Ta ce ba ta nemi kuɗin kowa ba, da adashi ta sa shi, da adashi za ta gyara shi. Ta roƙi uwar adashinsu aka ba ta ɗauka kafin lokacinta, ni da ƙanwata muka cika. Yaya ma daga baya ya turo nasa, bai ce komai ba.

Sau biyar muka je. Biyu na aikin jijiya, an yi mata allurar kashe zafi, aka wanke cikin saiwar aka cike. Na uku aka kafa ginshiƙi aka sassaƙa aka ɗauki siffa, aka manna mata ta wucin gadi ta roba, aka ce kada ta ci abu mai danƙo. A nan aka zo maganar irin hular. Akwai ta ƙarfe zalla, mai ƙarfi amma launinta na azurfa. Akwai tangaran da aka ɗora a kan ƙarfe. Akwai tangaran zalla, da wata mai suna zirkoniya, fara ce kuma da ƙarfi, ita ta fi tsada a cikin waɗanda aka nuna mana. Hajiya ta ce zinare take so. Na ɗauka likita za ta yi dariya, sai ta ce ai zinare yana cikin mafi kyawun abin da ake yi wa haƙori hula da shi, ba ya fashewa, ba ya cinye haƙorin da yake gogayya da shi, kuma in an ƙera shi daidai yana daɗewa ƙwarai. Ba zinaren ne ya cuce ta ba, rashin awo ne. Amma da aka faɗi kuɗin, Hajiya da kanta ta ce a bar zancen. Ta tambaya ko za a narka nata a sake ƙerawa. Aka ce ya yi siriri, kamar bayan gwangwani, kuma ba a san abin da aka gauraya a ciki ba.

Tangaran kan ƙarfe muka zaɓa. Aka kawo wani faranti mai jerin haƙoran gwaji, daga fari fat zuwa mai duhu, ana karawa da nata. Hajiya ta nuna mafi fari. Likita ta ce, "Alhaja, in na sa miki wannan a tsakiyar haƙoran da suka shekara hamsin suna cin goro, daga Dugbe za a hango shi." Ranar ce na fara jin dariyarta tun bayan Sallah. Aka zaɓi mai ɗan ja-ja. Bayan mako biyu aka gwada, aka sa ta ciji wata takarda mai launi, aka goge inda ya yi tudu, aka manne.

An gargaɗe ta. Hular ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashi yana iya ruɓewa daga bakin dasashi in ba a wanke, don haka buroshi safe da dare, da zaren sakace tsakanin haƙora. Ban da tauna ƙashi, ban da ƙanƙara, ban da fasa aya da wannan gefen. Yawanci irinta tana kai shekara goma zuwa sha biyar, wata ta wuce. Hajiya ta ce in ta kai sha biyar ɗin a zo a yi maganar.

Ta koma goronta, tana yankawa ƙanana da wuƙa ta tauna ta dama. Warin ya tafi, 'yar autata ta tabbatar. Sai dai ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Kwanaki a wani suna a layin baya, wata amarya da aka kawo daga Sakkwato ta gaishe ta da "Inna ina wuni", Hajiya ta dawo gida ta ba ni labarin sau biyu, tana cewa ba komai. Kwanson zinaren yana cikin adakarta, ta naɗe shi a ƙyalle tare da tsohon fasfonta.

Maiɗakina tana zubin nata adashin yanzu, in Allah Ya yarda nan da shekara biyu. Ran nan Hajiya ta ce mata in ta je ta sayo 'yan kunne, ta bar bakinta yadda Allah Ya yi shi. Ta ce to, Hajiya. Amma da muka shiga ɗaki ta ce min duk matan gidansu da suka je da shi suka dawo, ita kaɗai za ta dawo baki fari? Ban ba ta amsa ba. Ni ma akwai wani turmi a dama da ke tsira min in na sha ruwan sanyi tun kafin azumi, kuma har yau ban koma wurin likitar ba.